Zaren Wuyan Inna

Shafi na 19

Masu cewa na bar ku tsaye a ƙofar ɗakin hoto har ƙafafunku sun yi tsami, ku yi haƙuri. An buɗe ƙofar, mu shiga.

*

"Mama, kwanciya za ki yi. Rigingine."

Mai ɗaukar hoton ce ta faɗa, tana ɗan buga siririn gadon da tafin hannunta.

Inna ta dubi gadon. Ta dubi na'urar da ke kansa, wani ƙaton farin zobe mai rami a tsakiya, kamar an ciro bakin rijiya an tsayar da shi a cikin ɗaki. Ita ce suke kira siti. An ce tana yanka mutum falle-falle kamar burodi, ba wuƙa ba jini, ta duba kowane falle, sannan mutum ya tashi lafiya lau ya nemi takalminsa.

"'Yar nan, a zaune ba ya yiwuwa?" in ji Inna.

"Ba ya yiwuwa, Mama."

"A kishingiɗe fa?"

Auta, 'yarta, tana tsaye riƙe da mayafin uwar da 'yan kunnenta da aka ce a cire. Ta ce, "Inna, mene ne abin wahala a kwanciya? Ba kullum kike yi ba?"

Inna ta ci gaba da kallon gadon.

Daga bakin ƙofa, inda aka zaunar da shi a kan benci, Baba Mai-agogo ya ce, "Ku tada mata kai da matashi."

Auta ta waiwaya ta dubi mahaifinta. Fuskarsa na fuskantar bango, kamar yadda makafi kan yi idan da kunne suke kallo. Jan zaren nan yana naɗe a yatsansa.

Wanda bai san zaren ba, ga labarinsa a taƙaice. Inna mai ɗinki ce, maƙoƙo ya fito mata a wuya tun Auta tana makaranta. Mijinta mai gyaran agogo ne, idonsa ya tafi ya bar shi da hannu da kunne. Tunda ba ya ganin kumburin, sai ya ciri jan zare daga keken ɗinkinta, duk safiya ya zagaya mata shi a wuya ya auna. Ana nan sai zaren ya fara yin yawa. Duk lokacin da ya yi yawa, sai ya laluba almakashi ya datse rarar. Har cikin unguwa an san maƙoƙon Inna yana bajewa da kansa. Numfashinta kuwa da ya soma nauyi, asma aka ce, Auta ta yi ta sayo abin shaƙa. Sai ranar da Inna ta ɗaga hannu za ta sauko da yadi daga saman kanta, ta faɗi. Likitan da aka kai ta wurinsa ya ce ta ɗaga hannuwa biyu sama. Kafin ya gama magana fuskarta ta yi duhu, jijiyoyin wuyanta suka tashi. Ya goga mata abin hoton wuya, wanda ake shafa wa mai, ya ce yana ganin saman abin amma ba ya ganin ƙarshensa, ƙashin ƙirji ya tare. Shi ne ya turo su nan.

Mai hoto ta kawo matashi ta saka. Ta ce, "Iyakar abin da zan iya ɗagawa ke nan. Ba za mu daɗe ba. Hannuwanki a gefe, likita ya ce kada ki ɗaga su."

"Allurar da aka yi wa matar da ta fita fa?" in ji Auta. "Na ji ta ce ruwa aka sa mata a jijiya."

"Ita Mama ba za a sa mata ba yau. Ruwan yana da sinadarin aidin, maƙoƙo kuwa wani lokaci aidin yana tayar masa da hankali. Abin da likita ke nema zai fito ko babu ruwan."

Ta juya ga Inna.

"In kika ji na ce riƙe numfashi, ki riƙe. Kuma kada ki haɗiye ko da yawu."

Inna ta yi wani ɗan murmushi da ba wanda ya gane dalilinsa.

"Haɗiya kuma," ta ce. "To."

Ta kwanta a hankali, kamar mai shiga ruwan da bai san zurfinsa ba.

Aka fitar da Auta, aka rufe ƙofa.

*

A waje, Baba ya karkata kai.

"Akwai abin da ke juyawa a cikin injin nan," ya ce. "Da gudu. Kuma an daidaita shi sosai, ba ya cin gefe."

"Baba."

"Na'am."

"Yaya aka yi ka san tana son matashi?"

Ya kwance zaren daga yatsansa, ya sake naɗewa.

"Ji, ya rage gudu. Sun kusa gamawa."

"Baba, tambayarka na yi."

"Na ji ki, Auta. Ido na rasa."



Ƙofar ta buɗe da sauri. Mai hoto ta riƙo Inna ta zaunar da ita, gumi ya jiƙa wuyan rigarta, leɓenta ya canza launi. Ta dafa gwiwoyinta tana jan iska. Duk ja ɗaya sai wani siririn fito ya biyo, kamar iska ta samu ƙofar makulli.

"Sannu, Tela," in ji Baba. Sunan da yake kiranta ke nan tun suna amarya da ango.

"Ina nan, Mai-agogo," ta ce da kyar. "Ta damanka."

Ya miƙa hannun dama, ya samu kafaɗarta ba lalube.

Mai hoto ba ta ce su tafi su dawo wata rana ba, kamar yadda ta gaya wa waɗanda suka riga su. Waya ta ɗauka, ta juya baya, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Da ta ajiye ta ce, "Likita ya ce ku same shi yanzu."

Auta ta dubi fuskarta tana neman wani abu. Matar ta sunkuya tana gyara matashin da ba ya buƙatar gyara.

*

Ɗakin likita ƙarami ne, teburi ɗaya, kujeru, gadon duba marasa lafiya a jikin bango. Ya juyo musu da allon kwamfuta.

Hoton ba ya kama da mutum ko kaɗan. Wani abu ne mai zagaye, fari da toka-toka da baƙi, kamar fuskar mujiya. Likita yana murza yatsa, fuskar tana sakewa, wata ta tafi wata ta zo.

"Nan wuyanta ne daga sama," ya ce. "Kun ga wannan baƙin ramin? Hanyar iska ce. Ku dubi yadda take a zagaye. Yanzu za mu gangara."

Ya murza.

Ramin ya matsa gefe guda. Ya murza, ramin ya fara tsukewa. Wani abu mai toka-toka ya cika gefensa, ya yi ta girma. Farin ƙashin ƙirji ya bayyana a gaba, abin bai ƙare ba. Ramin ya koma wata siririyar tsaga.

Inna ta matso da fuska. Ido ne na mai ɗinki.

"Ƙofar maɓalli," ta ce.

"Haka take, Mama. Ta nan kike numfashi."

Ɗakin ya yi tsit, in ban da fiton.

"Likita," in ji Baba, "ni hotonka bai amfane ni ba. Faɗa min da hannu."

Likita ya tashi daga kujera. Sai ya cire abin sauraron ƙirji daga wuyansa, ya zagayo, ya ɗora robar a tafin tsohon.

"Taɓa nan, Baba. Haka hanyar iskar mutum take."

Baba ya murza robar tsakanin yatsunsa.

Likita ya kama yatsun nasa guda biyu, ya matse robar da su har ta kusa haɗewa.

"Tata kuma haka take, a bayan ƙashin ƙirji."

Baba bai saki ba. Ya daɗe riƙe da ita a matse, kamar yana jiran ya ji ko wani abu zai wuce ta ciki.

Auta ta juya ga likita.

"Amma likita, maƙoƙon ya ragu. Kowa ya gani. Baba, nuna masa zaren."

Baba bai motsa ba. Ita ta kwance zaren daga yatsansa ta miƙa.

"Da wannan yake auna ta. Da can ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba."

Likita ya karɓi zaren da hannu biyu, ya duba, ya mayar.

"Zaren bai yi ƙarya ba," ya ce. "Abin da ke waje ya auna. Maƙoƙon bai ragu ba, gangarawa ya yi. Ya bi ta bayan ƙashi ya shiga ƙirji, ya ci gaba da girma a inda hannu ba ya kaiwa. Shi ya sa na ce a yi wannan hoton. Shi ne yake gani ta bayan ƙashi."

"Asmar fa?"

"Ban ga alamar asma ba."

Auta ta buɗe jakarta kamar za ta ɗauko wani abu. Abin shaƙa ne a ciki, sabo, ko ledarsa ba a cire ba. Ta rufe jakar.

Likita ya dubi Inna.

"Mama, zan tambaye ki, ki gaya min gaskiya. Yaushe rabonki da barci a kwance?"

Inna ta dubi hannuwanta.

"Na manta."

"A ina kike barci?" in ji Auta.

"A kujerar keke. Ina ɗora kai a kan yadi."

"Shi ya sa duk sanda na zo da sassafe nake samunki a gaban keke? Ina cewa Inna ba ki hutawa, kina cewa aiki ne ya yi yawa?"

"Aikin ma akwai."

"Inna."

"To me kike so in ce?"

Likita ya ce, "Idan kika yi tari, yana fitowa?"

Ta gyaɗa kai.

"Nuna min."

Inna ta yi tari ɗaya mai ƙarfi. A ramin wuyanta, daidai inda ƙasusuwa biyu suka haɗu, wani dunƙule ya taso kamar kan kifi ya leƙo daga ruwa. Auta ta ja baya. Inna ta ɗora babban yatsa a kansa, ta sunkuyar da haɓa, ta haɗiya. Ya nutse. Wuyan ya koma sumul.

Hannun ya saba. Ko makaho zai ji cewa ba yau ta fara ba.

"Haka kike yi," in ji Auta a hankali. "Kafin Baba ya auna."

"Da farko da kansa yake sauka. Daga baya na koyi taya shi."

"Don me?"

Inna ta kawar da kai.

"Don me, Inna? Kina kallona ina yawo kantin magani. Kina kallona ina gaya wa mutane uwata ta warke. Ranar da kika ƙi shanya kaya na ce tsufa ne ya sa ki ƙyuya, kika yi dariya. Ashe hannu ne ba kya iya ɗagawa."

"Ki rage murya, asibiti ne."

"Ba zan rage ba sai kin gaya min."

Inna ta ja iska. Fiton ya yi tsawo.

"Kin manta Iya?"



Inna ta juya ga likita, don shi ne bai sani ba.

"Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ma maƙoƙo. Aka yi mata aiki, aka cire, wuya ya yi kyau kamar na budurwa. Amma ta shiga da murya ta fito babu. Har ta koma ga Allah, in za ta kira ɗanta sai ta buga ƙofa da cokali."

"Allah ya jiƙanta," in ji likita.

"Amin. Ita mijinta yana da ido." Ta nuna Baba da haɓa. "Wannan fa? In ya tashi da safe, ni nake cewa ga takalminka, ga butar can, akwai kujera a gabanka, sunkuya akwai igiya. In mun fita, ba ya son a ja shi da sanda kamar akuya. Ina gaba ina surutu, yana bin surutun. Mutane suna cewa matar Mai-agogo ta cika magana. Ba magana nake yi ba, likita, hanya nake nuna masa. In aka cire min murya, an ƙara cire masa ido ne."

Ta share gefen idonta da bakin zane.

"Gara in yi ta numfashi ta ƙofar maɓallin."

Likita ya zagaya teburin. Ya koma kujerarsa.

"Ba zan ruɗe ki ba, Mama. Jijiyar murya tana bi ta bayan maƙoƙon, siririya ce kamar wannan zaren. Muna nemanta mu kauce mata, kuma yawancin waɗanda muke yi wa aiki suna fita da muryarsu. Wasu takan dushe ta dawo. Kaɗan ba ta dawowa. Naki babba ne, don haka ba zan rantse miki ba."

"Ka ji ko," in ji Inna.

"Ban gama ba. Hoton ya nuna min abin da ya faranta min rai. Abin ya sauka, amma ya tsaya a saman babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciya, bai zagaya bayanta ba. Ina sa ran mu jawo shi ta wuya, ba sai mun tsaga ƙashin ƙirji ba. Mun san gefen da ya tura hanyar iska, mai sa barci zai san yadda zai bi. Da babu hoton, da lalube za mu shiga."

"Mugun ciwon nan ne?" in ji Auta. Ta kasa kiran sunansa.

"Hoto ba ya yanke wannan hukuncin. Ban ga ya ci abin da ke kewaye da shi ba, wannan alama ce mai kyau. Sauran sai an cire an duba."

"In ba a yi aikin ba fa?" Inna ce ta tambaya.

"Ƙofar maɓallin ba za ta ƙara faɗi ba. Mura mai ƙarfi ta isa ta rufe ta. Ko ɗan jini ya taru a cikin maƙoƙon ya kumbura."

"Sai in kiyayi mura."

"Inna, don Allah."

Baba ya juyo da fuska wajen muryar Inna. Robar tana hannunsa har yanzu. Sai ya sake ta, ta koma yadda take, ya miƙa wa likita daidai inda yake zaune.

"Tela."

"Na'am."

"Kin gama?"

"Na gama."

"To ni ma ina da tawa." Ya gyara zama. "Agogon da aka kawo min, tun yana aljihun mai shi nake sanin ciwonsa. Kina tsammanin mace za ta tashi daga gefena, katifa ta huce, kujerar keke ta yi ƙara, ban ji ba?"

Inna ta ɗago kai.

"Kina tsammanin ban san ƙarar haɗiyarki ba? Kullum kafin in ɗora zaren sai na ji ta. Ƙut. Sai in ce a raina, to, ta shirya, bari in auna."

"Ka sani," in ji Auta.

"Na sani."

"Ka sani kake datse zaren?"

"Wani lokaci ma bai yi rara ba nake datsewa. In ta ji ƙarar almakashi takan yi dariya ta ce Mai-agogo ka fi likita. Ina son dariyar."

"Baba, dariya? Tana mutuwa a zaune kana son dariya?"

"Ban san ya kai haka ba." Ya ɗaga yatsun nan biyu, har yanzu a matse kamar robar tana tsakaninsu. "Wallahi ban san ya kai haka ba. Na ɗauka abin da ya ɓuya ya kwanta ne. Kuma ni ma na san Iya, ni na gyara mata agogon bangonta. Na ji ƙarar cokalin nan a jikin ƙofa." Muryarsa ta sauka. "Tsoro na ji, Auta. Ta yi shiru don ni, na yi shiru don kaina. Nata ya fi nawa kyau."

Inna ta daɗe tana kallonsa.

"Tsohon banza," ta ce a hankali. "Ka bar ni ina ta wahalar haɗiya."

"Ke ma kin bar ni ina ta ɓarnar zare."

Ba wanda ya yi dariya, amma wani abu ya ɗan sassauta a ɗakin.

Likita ya miƙe.

"Ba zan so ki kwana a gida yau ba, Mama. Akwai gado. Amma wuyanki ne, ba zan taɓa shi ba sai kin ce to. Ku zauna a waje ku yi shawara, ina nan."

*

Barandar doguwa ce, benci a jere a jikin bango, mutane zaune suna jiran a kira su. Wani yana tari, wata tana rarrashin jariri, ana tura gado mai taya ɗaya da ke kuka.

"Ba zan yi ba," in ji Inna tun kafin su zauna.

"Za ki yi," in ji Baba.

"Wa zai ce maka ga tsani?"

"Ƙafata."

"Ƙafar da ta kai ka cikin kwata ranar da na je gaisuwa?"

"Ranar ban shirya ba."

"Ni zan dawo gida in zauna da shi," in ji Auta.

"Ki bar aikinki da mijinki ki zo ki yi ta cewa ga buta? Wata nawa za ki yi?" in ji Inna.

Baba ya ce, "Tela, gwada ni."

"In gwada ka da me?"

"Auta ta kai ni ƙarshen barandar nan. Ke ki canza wuri, ki zauna cikin mutane, ki kama bakinki. Kada ki ce ina nan, kada ki ce dama ko hagu. In na zo na dafa kafaɗarki, ki shiga ki ce wa likita to. In na dafa matar wani, in sha mari, mu tafi gida."

"Baba, wannan ba abin wasa ba ne."

"Da wasa na yi kama?"

Inna ta dube shi daga hula har takalmi. Maɓallin rigarsa na sama ya shiga ƙofar da ba tasa ba. Ta miƙa hannu ta gyara.

"Na yarda," ta ce. "Amma ba a taya shi."

Auta ta riƙe gwiwar hannunsa, suka tafi har inda barandar ta ƙare a jikin taga. Ta juyo da shi. Can nesa Inna ta tashi, ta wuce benci biyu tana dafa bango, ta zauna tsakanin wata mai ciki da wani dattijo mai ɗaurin ƙafa. Ta haɗe hannuwa a cinya, ta rufe baki.

"Sake ni," in ji Baba.

Ta sake shi.

Ya tsaya kamar wanda aka ajiye a tsakiyar kasuwa. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Gadon mai kuka ya wuce, ya jira ƙararsa ta mutu. Sannan ya ɗaga ƙafa.

Yana tafiya a hankali, hannu ɗaya a gaba. Mutane suka fara janye ƙafafunsu. Mai rarrashin jariri ta yi shiru tana kallo. Auta tana biye da shi a baya, ta cije leɓe don kada gargaɗi ya kuɓuce mata.

Ya wuce bencin farko bai ko juya ba.

Ya wuce na biyu.

"Baba," ta raɗa, "me kake bi?"

"Fiton," ya ce. "Duk barandar nan ita kaɗai ke da shi. Kin ji? Siriri, yana da ɗan karkacewa a ƙarshe."

Auta ta kasa kunne, ba ta ji komai ba sai hayaniya.

"Amma Baba, in aka yi aikin, shi ma fiton zai tafi."

"Na sani. Kada ki gaya mata. Ta ce to tukuna, sauran na koya daga baya."

Ya ci gaba. Fuskarsa ta saki, har da ɗan murmushi, irin wanda yake yi idan mataccen agogo ya soma bugawa a tafinsa. Saura benci ɗaya. Inna tana kallonsa yana matsowa, idanunta sun cika.

Sai ya tsaya cak.

Murmushin ya ɓace.

"Auta."

"Ci gaba, Baba, ka kusa."

"Kira likita."

"Ga ta nan fa, ka miƙa hannu kawai."

"Fiton ya tsaya."

"Riƙe numfashi ta yi don ta gwada ka. Ka san halinta." Auta ta leƙa ta gefen kafaɗarsa. "Inna, ba kyau haka, ki bar…"

Maganar ta maƙale.

Inna tana zaune a miƙe, babban yatsanta a ramin wuya, tana dannawa, tana dannawa. Leɓenta ya yi duhu. Bakinta a buɗe yake, yana motsi, kuma Auta ta gane abin da yake faɗa, don tun tana goye take jin sa.

Ina nan, Mai-agogo.

Ko sauti ɗaya bai fito ba.